Daga Kusada Zuwa Abuja: Wa Ke Karanta wa Kunduru Kasafin Kuɗi?

A shekarar 2017 'yan Majalisar Dokokin Jihar Katsina suka tsige kakakinsu, Aliyu Sabi'u Muduru, suka ɗora Abubakar Yahaya Kusada, mai wakiltar Kusada, a kan kujerar. Bai daɗe a kanta ba. A watan Afrilun 2018 Allah ya yi wa Sanata Mustapha Bukar na Katsina ta Arewa rasuwa. A watan Agusta Ahmad Babba Kaita ya lashe zaɓen cike gurbi ya koma Majalisar Dattawa, ya bar kujerar Majalisar Wakilai ta Kankia da Kusada da Ingawa. A watan Nuwamba Kusada ya ci wannan kujera a jam'iyyar APC, ya nufi Abuja, Tasi'u Maigari Zango ya gaje shi a shugabancin majalisa. Mutanen Kunduru, da yake a ƙasar Kankia suke, ba su ne suka tura shi majalisar jiha ba, amma da su aka yi zaɓen da ya kai shi tarayya.

Irin wannan tafiya ita muke kira ci gaba, kuma babu laifi mutum ya nemi gaba. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da kujerar majalisar jiha tsani, alhali ita ce ta fi kusa da rayuwar mutumin karkara. Ajin firamare da rufinsa ya yaye, ɗakin shan magani da babu ungozoma, hanyar da ke yankewa da zarar damina ta kankama, takin gwamnati da ke isowa bayan gero ya yi bununi: yawancin waɗannan a Katsina ake yanke hukuncinsu, ba a Abuja ba. Tsarin mulkin 1999 ya hana gwamna taɓa kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafi, ya ba ta ikon kiran kwamishina ta bincike shi, ya kuma ce mai binciken kuɗi na jiha ya kai mata rahotonsa. Mambobi 34 ne a zauren, kuma dole su zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Wanda ke wakiltar Kankia yana da ƙuri'a ɗaya cikin 34 a kan kowace naira. A Majalisar Wakilai kuwa murya ɗaya ce cikin 360.

To amma da me muke auna ɗan majalisa? Duk wanda ya san gidan “Honarabul” ya san yadda safiyarsa take. Tun bayan asuba an cika zaure da ƙofar gida: wannan dattijo ya ninke takardar magani a aljihun gaba, wancan ya zo da katin ɗaurin aure, ga matashi da ke neman kuɗin jarrabawar NECO, ga wanda matarsa ke kwance a Babban Asibitin Kankia. In ya sallame su, a ce yana da hannun kyauta. In ya ce yana da zaman kwamiti a Katsina, a ce ya fara girman kai. Mutumin da aka horar da haka shekara huɗu zai koyi abu guda, wato neman inda kuɗi suke, kuma kuɗi suna hannun gwamnan da aka zaɓi ɗan majalisar don ya sa wa ido. Nan ne bakinsa ke mutuwa.

Za a ce mai yunwa ba ya cin doka, kuma wanda ɗansa ke zazzaɓi yau ba zai jira kasafin baɗi ba. Gaskiya ne, kuma ba na raina taimako. A al'adarmu mai hali da ya rufe ƙofa abin zargi ne. Sai dai aljihun mutum ɗaya ba zai ɗauki ƙaramar hukuma guda ba. Wanda ya samu shi ne mai kuɗin mota zuwa gidan, ko mai wanda zai shigar da shi. Matar da ke can cikin ƙauye ba ta cikin layi. Layi ɗaya a kasafi da aka bi sawunsa har maganin ya sauka a ɗakin shan magani zai kai gare ta ba tare da ta durƙusa wa kowa ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: cewa majalisun jihohi 'yan amshin shata ne, don haka wahalar banza ce a jira wani abu daga gare su. Akwai hujja, domin a gyaran tsarin mulki na 2010 majalisun jihohi da kansu suka kasa ba da rinjayen da zai ba su 'yancin kuɗinsu, sai a 2018 aka samu wannan gyara. Amma majalisar da ta iya haɗa kashi biyu cikin uku ta sauke kakaki, kamar yadda aka gani a 2017, ba za a ce ba ta san ƙarfinta ba. Tana amfani da shi ne inda ta san za a tambaye ta, kuma mu masu zaɓe ba mu saba tambaya a kan kasafi ba.

Yanzu ga maganar kuɗin ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye, maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Duk da haka, sashe na 7 na tsarin mulki ya bar tsarin ƙananan hukumomi da sha'anin kuɗinsu a ƙarƙashin dokar da majalisar jiha ta yi. Ke nan abin da zai isa Kunduru da Gyaza da Rimaye da Kafin Soli daga wannan hukunci ya rataya sosai a kan abin da za a rubuta a zauren Katsina, da hannun da wakilin Kankia zai ɗaga ranar da aka karanta dokar.