Mamman Shata, Mawaƙin Da Bai Zama Yaron Kowa Ba

A ƙasar Hausa makaɗa iri iri ne. Akwai makaɗan fada, akwai na sana'a kamar na noma da na farauta, akwai kuma makaɗan jama'a. A wannan ɗan rubutu nawa ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu yadda wani mutumin jiharmu, watau Alhaji Mamman Shata, ya yi fiye da shekara 50 yana waƙa ba tare da ya zama yaron wani sarki ba.

Kafin mu gane girman wannan abu, sai mun dubi zaman makaɗin fada. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi ne, a nan Katsina kuma an yi Sarkin Taushi wanda ya yi wa Sarki Usman Nagogo waƙoƙi. Irin wannan makaɗi, cinsa da suturarsa da dokin hawansa duk suna wuyan ubangidansa. Amma fa ba shi da ikon yi wa wani basarake waƙa sai da izini. Galibi kuma gadon abin ake yi daga iyaye.

Shi Shata bai gaji kiɗa ba. An haife shi a Musawa a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafillace ne, bai kuwa so ɗansa ya zama maroƙi ba, domin a lokacin ana ganin roƙo abin kunya ne ga wanda bai gada ba. Da tallan goro da alewa Shata ya fara neman na kansa, yana kuma waƙa a dandali don nishaɗi. Da abin ya kankama sai ya bar gida ya zauna a Bakori, kana ya koma Funtuwa, ya kuma yi gida a Kano.

To, me ya riƙe shi alhali ba fadar da ke ciyar da shi? A ganina abubuwa uku ne. Na farko shi ne kalangu. Taushi da kotso kayan kiɗan sarauta ne, shi kuwa kalangu na mahauta ne da 'yan mata a dandali. Makaɗi yana saƙale shi a hammata, in ya matse tsarkiya murya ta hau, in ya saki ta sauka, har ka ji kamar magana yake yi. Da yake kiɗan kowa da kowa ne, sai ya zama Shata yana iya yi wa sarki waƙa yau, gobe ya yi wa direban mota ko ɗan kasuwa ko manomi.

Na biyu, shi ba ya zama ya tsara waƙa a gida tukuna. Nan take a gaban jama'a yake ƙirƙira ta, 'yan amshi suna maimaita amshi ɗaya, shi kuma yana ta zuba baitoci. Saboda haka duk abin da ya faru a duniya yana iya zama waƙa a bakinsa. Ya yi wa sojoji waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya kuma yi waƙar kumbo Afolo 11, wanda Amurkawa suka harba zuwa duniyar wata a 1969.

Na uku shi ne rediyo da faifai. Gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryarsa ƙauyukan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, har Nijar da Ghana da Kamaru. Kamfanin EMI ya buga waƙoƙinsa a faifan garmaho, daga baya kaset ya zo. Da haka jama'a baki ɗaya suka zame masa ubangida.

Sai dai wannan 'yanci yana da nasa nauyi. Wanda ba shi da albashi, abin da aka ba shi a filin wasa shi ne abincinsa da na makaɗansa da iyalansu. Masu kwafar kaset a kasuwa sun yi ta sayar da muryarsa ba tare da ko kwabo ya shiga aljihunsa ba. Har ila yau yana da zambo mai zafi, wanda ya sa wasu ke shakkar bakinsa, malamai kuma sun soki waɗansu waƙoƙinsa. Ba wani sarki da zai tare masa, shi ke ɗaukar abin da bakinsa ya jawo.

Duk da haka sana'ar da aka raina ta kai shi inda ba a zata ba. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya sami digirin dakta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da nazarin waƙoƙin Shata. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi kansa Shatan digirin dakta na girmamawa. Ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni, 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin masoyinsa Sarki Muhammadu Bashar. Allah ya jiƙansa da rahama.

A yau samari da yawa suna ɗaukar waƙa su watsa ta wayar hannu ba tare da wani kamfani ba, har a makarantarmu a nan Batagarawa akwai masu wannan buri. Ina roƙon iyayenmu, in sun ga yaro da wata baiwa, su bincika ta kafin su hana. Mu kuma ɗalibai mu sani Shata bai tsaya da ƙafarsa ba sai da ya ƙware a abin da yake yi, ya kuma jure wahalarsa. Mu da Allah ya ba mu damar karatu, sai mu haɗa baiwa da ilimi don kada a ci guminmu a banza. Hausawa dai sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.