Shirin Musamman: Ceto Furen Wardin da Ya Langaɓe a Tukunya

(Taken shiri, sannan a sassauta sauti)

Shirin namu na yau a tsakar gida zai tsaya, gindin wata tukunyar fure.

Kwanakin baya yayata ta aiko in je in duba mata wardinta. Ta saye shi ne wajen masu sayar da shuke-shuke a bakin titi, da jajayen furanni huɗu a kansa. Bayan wata biyu ganyen ya yi rawaya ya zube, rassa biyu sun fara baƙi daga sama. Ta ce, "Kai dai duba min. Wallahi ban taɓa barinsa da ƙishirwa ba, safe da yamma nake ba shi ruwa, har takin zamani na barbaɗa masa." Na ɗaga tukunyar, na ji nauyi kamar an cika ta da duwatsu. Na leƙa gindinta, babu huji ko ɗaya. Na ce, "Yaya, ai a ruwa kika nutsar da shi."

Kafin mu ɗora mata laifi duka, mu tuna cewa wardi ɗan tudu ne, mai son sanyin dare. Alhazan da suka leƙa Ɗa'ifa a Saudiyya sun san gonakin wardinta suna kan duwatsu, kimanin mita 1,800 daga doron teku, ana tsinkar furen da asuba cikin Maris da Afrilu a tatsi turare. Wardin da Kenya ke aikawa Turai, yawancinsa daga gefen tafkin Naibasha yake, can ma tudu ne. A nan gida, shi ya sa yake sakewa a Jos. Amma a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin bazara kan haura digiri 40, baƙo ne, kuma baƙon da aka tsare a tukunya ba shi da inda zai miƙa saiwarsa ya nemi sanyi.

To, da me za a fara? A fara da farce. Kankare ɓawon reshe kaɗan. In ka ga kore da danshi a ƙarƙashi, da sauran rai. In ka ga launin ƙasa a bushe, sauko ƙasa ka sake gwadawa, har ka kai gindi. Muddin akwai kore ko da a reshe ɗaya ne, kada a jefar.

Sai a kwantar da tukunyar a zaro shukar gaba ɗaya da ƙasarta, domin cutar da ake gani a ganye, sau da yawa a ƙasa take. Lafiyayyar saiwa fara ce ko ruwan madara, tana da ƙwari. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana dagargajewa a yatsa, tana warin kwata. Saiwar wardin yayata rabinta haka take. Saiwa na numfashi, masu sauraro. In ruwa ya cike duk ƙofofin iskar da ke cikin ƙasa, sai ta shaƙe. Abin da ke ruɗar mutane shi ne, shukar da saiwarta ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, sai ta yi yaushi tamkar mai ƙishirwa, mai ita kuma ya ƙara ɗauko buta. A yanke duk ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta. In kuwa saiwar ta naɗe ne tana zagaye kamar gammo saboda tukunya ta yi mata kaɗan, a warware ta da yatsu a hankali.

(Gajeren kiɗa)

Maganar sabon mazubi. Ni dai tukunyar ƙasa na fi so, kuma duk mai randa a gida ya san dalili: tana tsatsafo, tana huce abin da ke cikinta. Baƙar roba a ranar Afrilu dafa saiwa take yi. In roba ce kawai a hannu, bokitin fenti mai lita 20 ya isa, a wanke shi tas, a huda gindinsa wuri biyar ko shida da ƙusa mai zafi, a ɗora shi kan bulo. Ƙasar kuma a haɗa ta lambu da yashi da takin shanu wanda ya ruɓe sosai har ya daina wari. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Toka ma a yi hattara da ita. Na san al'adarmu ce a barbaɗa ta ga shuka, amma wardi ya fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami, toka kuwa tana kashe wannan tsamin, sai ka ga sabon ganye ya fito rawaya alhali jijiyoyinsa kore shar, alamar ya kasa jan sinadarin ƙarfe.

Wajen dasawa, a duba wani kumburi a gindin kara. Wardin kasuwa da yawa masu aure ne, kamar mangwaro, kumburin nan kuwa shi ne mahaɗar auren. Duk tsiron da ya ɓullo daga ƙasan wannan kumburin na uwar gindi ne, a cire shi tun daga tushe, in ba haka ba zai cinye abincin ya bar ka da ƙaya.

Tunda an rage saiwa, dole a rage sama. Mataccen reshe a yanke shi har sai cikinsa ya nuna fari. Yankan ya zama a karkace, sama kaɗan da idon tohon da ke kallon waje. Sannan a kai tukunyar inuwa mai haske na kamar kwana goma, daga nan a mayar da ita inda za ta sha hantsi, awa biyar zuwa shida, amma katanga ko bishiya ta kare ta daga ranar azahar.

Ruwa kuma, yatsa ne alƙali. Tura shi cikin ƙasa zuwa gaɓa ta biyu. Da danshi, a haƙura. A bushe, a zuba da safe a gindi har ya fito ta huji. Takin zamani a ɗage shi sai bayan wata ɗaya ko fiye, ba a ɗura wa majinyaci tuwo.

Ƙwari da cuta kowanne da lokacinsa. Da hunturu, in ganye ya yi ɗige-ɗige ya dusashe, juya bayansa, za ka ga wasu mitsi-mitsin gizo-gizo da siririyar saƙa. Ƙura da bushewa suke so, don haka wanke bayan ganyen da ruwa kowace safiya na rage su ƙwarai. In sun yi taurin kai, a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a ɗiga ɗan ruwan sabulu, a fesa da yamma. Da damina kuwa baƙin tabo ne, zagayayye, gefensa rawaya. Tsinke ganyen da ya kamu, a kwashe na ƙasa a ƙona, a daina jiƙa ganye wajen ban ruwa.

Bayan mako uku da yi wa wardinta wannan aikin, yayata ta sake kirana a firgice, wai wasu jajayen abubuwa sun fito a jikin reshe, ko wata cutar ce? Na ce, "Yaya, sabon toho ne, haka yake fitowa ja kafin ya koma kore." Da ƙullin fure na farko ya biyo baya, na ce ta tsinke shi domin ƙarfin ya koma saiwa. Ta yi shiru, ta ce za ta yi tunani. Da na je ranar Juma'a, yana nan a kan reshe, har ya fara buɗe baki.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.

(Taken shiri)