Abin da Na Gani a Kan Tsutsar Masarar Kawu

Da daminar 2017 Kawu ya kira ni gonarsa, ya buɗe zuciyar wata masara ya nuna mini. Ganyen duk huji, ciki kuwa cike da kashin tsutsa kamar dusa. Ya zaro tsutsar ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce, "Ɗana, kai da kake yawon gidajen biki da kyamara, ɗauki wannan ka kai wa malaman gona su gaya mana ko mece ce." Na ɗauka. Abin da ya fito wani ɗan zare ne ruwan ƙasa, ba a gane kai, ba a gane gindi. Ranar na koma gida raina ba daɗi, domin Kawu ya dogara da ni, kuma abincin shekararsa ne a wannan gona.

Daga nan na shiga neman yadda ake ɗaukar hoton ƙananan halittu daga kusa, wanda masu sana'a ke kira makro. Kowane gilashin kyamara yana da iyakar matsowa. In ka wuce ta, komai sai ya dushe. Gilashin makro an ƙera shi ne ya matso har girman abu ya sauka a kan sensar kyamara daidai da girmansa na zahiri, ma'aunin da ake rubutawa 1:1. Babbar sensa faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24. Ke nan ƙuda ɗaya zai ci wuri mai kyau a cikin hoton, in aka buɗe shi a kwamfuta kuma sai ka ga gashin ƙafarsa ɗaya-ɗaya, ka ga idonsa ashe dubban ƙananan idanu ne a jere kamar saƙar zuma. Karon farko da na ga haka, tasbihi kawai na yi.

Mai hali yakan sayi gilashin makro na milimita 90 zuwa 105. Amfanin wannan tsawo shi ne yana bar maka 'yar tazara tsakaninka da ƙwaron, ba sai ka kai masa hanci ya tashi ba. Akwai wanda ya fi haka: Canon MP-E 65mm, da ya fito a 1999, yana girmama abu har ninki biyar, sannan kamfanin Laowa na ƙasar Sin yana yin masu ninki biyu da farashi mai ɗan sauƙi. Ni ban fara da ko ɗaya cikinsu ba, kuma ba na ba sabon shiga shawarar ya fara da su. Da zobba na fara, wasu ƙawanyu marasa gilashi da ake sa wa tsakanin kyamara da gilashinta. Nisanta gilashin da sensa kaɗai shi ke ba shi damar gani daga kusa. Akwai kuma zoben da ke ba ka damar juya gilashinka na milimita 50 baya ta koma gaba, ya zama madubin ƙara girma. Wasu sukan maƙala Raynox DCR-250 a bakin gilashin da suke da shi. Mai waya ma akwai ɗan gilashi mai maƙali da ake sayarwa a kasuwar waya, kuma ya isa a gane tsutsa da shi.

Wahalar ba a matsowa take ba, a abin da ke biyo bayanta take. A ma'aunin 1:1, ko ka tsuke ƙofar haske zuwa f/11, zurfin wurin da zai fito tas bai kai milimita biyu ba. Idon fara ya fito, fukafukinta sun dushe. Ka ja numfashi, saitin ya kuɓuce. Tsuke ƙofar kuma yana jawo duhu, dole sai an kawo filashi. Filashi tsirara kuwa yana ƙone hoto, musamman a jikin buzuzu mai sheƙi, ya bar farin tabo a baya. Maganinsa mayafi ne da zai tausasa hasken. Nawa da farar roba na yanka shi, na lanƙwasa a saman gilashin, kuma duk cikin kayana babu abin da ya gyara hotunana kamarsa. Filashin yana da wani amfani: walƙiyarsa gajeriya ce ƙwarai, tana tsayar da rawar hannu da motsin ganye.

Ba na barin kyamara ta nemi saiti da kanta. Nakan ƙayyade shi da hannu, in dafa gwiwar hannu a ƙasa, in riƙa matsawa gaba a hankali, da zarar ido ya fito sai in danna. Lokaci mafi kyau shi ne bayan sallar asuba, gari na wayewa. Jikin ƙwari yana bin zafin gari ne, don haka da sanyin safiya malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma sukan zauna shiru har rana ta ɗumama su.

Hotunan da kuke gani ƙwaro ya fito tas daga kai har wutsiya, ba harbi ɗaya ba ne. Ana ɗaukar hotuna da yawa, kowanne an ɗan gusar da saiti, sannan manhaja irin su Helicon Focus ko Zerene Stacker ta haɗe su. Baturen Ingila Levon Biss ya yi haka da ƙwarin da ke ajiye a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford, aka baje kolin aikin a 2016. Hoto guda yakan ci dubban hotuna. Shi matattun ƙwari na ajiya ya ɗauka. Masu kama rayayyen ƙwaro su jefa shi a firji don ya daina motsi, ban yarda da su ba. Halittar Allah ce, ba ta yi maka komai ba, haƙuri ya fi.

Da na koma gonar Kawu da zobba da mayafina, tsutsar ta bayyana kanta. A goshinta akwai wani zane fari-fari kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo baƙaƙe huɗu a murabba'i. Waɗannan su ne alamomin baƙuwar tsutsar masara da ta fito daga nahiyar Amurka, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Afirka a farkon 2016, Najeriya na cikin ƙasashen farko. Malamin gona yana ganin hoton ya gane ta. A wannan safiya kuma na ɗauki hoton wata rina ta danne tsutsa tana tauna ta don ta kai wa 'ya'yanta, da ƙoƙi-ƙoƙi a kan ganye yana jiran nasa rabon. Na nuna wa Kawu a bayan kyamara. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe ina da 'yan ƙodago ban sani ba."

Matasanmu masu riƙe da waya da kyamara, ku shiga gonakin iyayenku da sassafe. Ku ɗauki kan ƙwaron, da bayansa, da ganyen da ya ci, ku kai wa malamin gona kafin a sayi maganin feshi.