Jallala da Abincin Dabbobi a Kiwon Zamani

Malaman fiƙihu suna kiran dabbar da mafi yawan abincinta najasa ne da suna jallala, kuma tushen hukuncinta shi ne hadisin Abdullahi ɗan Umar, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya hana cin namanta da shan nononta. Hambalawa sun ɗauki hanin a matsayin haramci, Hanafawa da Shafi'awa suka ce karhanci ne da yake tabbata idan warin ƙazantar ya bayyana a jikin naman, Malikawa kuwa, waɗanda mazhabarsu ce ta fi rinjaye a ƙasar Hausa, ba su ga laifin cinsa ba, domin abin da dabba ta ci ya riga ya rikiɗe ya zama tsoka, kuma wannan rikiɗewa ita ake kira istihala. Masu hanawa sun bar mafita, wato istibra'i, wanda shi ne tsare dabbar a kan tsarkakakken abinci, kwana 3 ga kaza, 40 ga raƙumi.

Sai dai an gina wannan bahasi ne a kan dabbar da take kiwo a juji, wadda hanci yake tona asirinta, alhali a yau garin jini da garin ƙashi suna shiga buhu tare da masara da dusa da waken suya, a murza su ƙwaya-ƙwaya, ta yadda ko mai kiwon bai san daga wace dabba aka samo su ba. Bayan ɓullar cutar haukan shanu a Birtaniya a 1986, Tarayyar Turai ta hana ciyar da dabbobin gona garin nama a 2001, amma a 2021 ta yarda a ba kaji wanda aka sarrafa daga alade. Shi ya sa wasu hukumomin ba da shaidar halal ba sa tsayawa a kan wuƙar mahauci, suna bin sawun kaya tun daga injin niƙa.

Batun tarwada ya fi sarƙaƙiya, domin kifi ba ya buƙatar yanka, saboda haka babu mayankar da za a tare shi a bincika. A 2006 kwamitin fatawa na Malesiya ya haramta kifin da aka ciyar da naman alade ko mushe da gangan. A Nijeriya ma wasu masu tafkunan kifi sukan zuba wa tarwada kayan cikin kaji da mushensu don rage tsadar abinci, kuma ko da sassaucin Malikawa zai halatta kifin, bai ɗauke wa mai sayarwa wajabcin bayyana aibin da mai saye zai ƙyamata ba.