Ko Kun Sani? Abin Da Ruwan Rijiya Ke Ɓoyewa

Ko kun san ruwan rijiyar gida a Tukur-Tukur ko cikin birnin Zazzau na iya fitowa garai-garai, alhali yana ɗauke da gishirai narkakku da ido ba ya gani? Akwai kulorayid, fulorayid, salfet da naitiret, kuma na'ura guda ce ke raba su. Sunan dabarar kuromatogirafi. Hamish Small da abokan aikinsa a kamfanin Dow na Amurka suka fito da irin da ake gwada ruwa da shi a 1975.

Ɗan ruwa kaɗan ake turawa cikin siririn bututu cike da ƙananan ƙwayoyi masu riƙe gishirin. Kamar masu wucewa ta lungu ne: wani ya wuce kai tsaye, wani ya tsaya gaisuwa ƙofa-ƙofa. Fulorayid kan riga fita, salfet ya biyo baya can. Na'urar na auna yadda kowanne ke ɗaukar lantarki, ta faɗi yawansa cikin 'yan mintoci.

Naitiret ne abin tsoro. Daga masai da takin zamani yake tsiyayowa cikin rijiya, musamman da damina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 a lita. Idan ya zarce, yakan hana jinin jariri ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasa ruwa ba ya kore shi, ƙara masa ƙarfi ma yake yi.

Jama'a, a nisanta masai da rijiya, a kai ruwan gwaji.