3.2 Tsara Fasalin Gini a Matsayin Ilimi Mai Zaman Kansa

A wannan sashe za a dubi tsara fasali, wato shawarar da ake yankewa a kan siffar abu da girmansa da kayan da za a yi shi da su tun kafin a fara aikinsa. Sau da yawa akan ɗauki wannan aiki a matsayin ado kawai, ko kuma wani ɗan reshe na aikin injiniya. Nigel Cross (1982) yana daga cikin masanan da suka ƙi yarda da haka. A ganinsa, mai tsara fasali yana da tasa hanyar sanin abu, wadda ta bambanta da ta masanin kimiyya da ta masanin adabi, domin shi yakan fahimci matsala ne ta hanyar gwada mafita, ya gyara, ya sake gwadawa. Idan aka yi nazarin ginin ƙasa a ƙasar Kabi za a ga cewa wannan ra'ayi yana da ƙamshin gaskiya.

Sana'ar gini daɗaɗɗiya ce a wannan yanki. Ganuwar Surame, wadda aka gina da duwatsu a zamanin Muhammadu Kanta cikin ƙarni na 16, har yau akwai ragowarta. Haka nan kuma Gidan Nabame da ke Argungu, wanda ya kasance fadar sarki har zuwa 1942, aka kuma mayar da shi gidan tarihi a 1958, shi ma shaida ne. Maginin gargajiya a ƙasa yake shata gida, da ƙafa ko da sanda, ya yi awo da taku da kamu da gaba. Idan ɗakin zagayayye ne sai ya kafa turke a tsakiya, ya ɗaura igiya ya zagaya.

Rashin takarda ba ya nufin rashin lissafi. Alal misali, maginin shigifa ya san azara, wadda ake faskarowa daga giginya, ba ta ɗaukar nauyin ƙasar rufi idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida ba tare da tallafi ba. Wannan iyaka ita ce ta haifar da bakan gizo. Ana dasa azara a cikin bango, a riƙa ɗaura wata a kan wata tana ɗan karkatowa ciki, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, sannan a lulluɓe su da ƙasa. Ta haka ake samun zaure mai faɗi ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, kuma idan bakuna suka gitta juna akan sami rufin da ake kira ɗaurin guga. Bango kuwa akan yi shi da kauri a gindi, yana sirancewa zuwa sama. Bangon gabas ya fi samun kulawa wajen yaɓe, saboda daga can hadari ya fi tasowa. Duk waɗannan ƙa'idoji yaro yakan koye su ne a wurin aiki, tun yana kwaɓa ƙasa, har ya kai ga jefa wa maigidansa tubali a kan bango. Kafin a bar shi ya ɗora baka, hannunsa ya riga ya san ƙasar da za ta tsage da wadda za ta riƙe, ko da bakinsa ba zai iya bayyana dalili ba. Wannan shi ne irin sanin da ake magana a kai.

To, amma fannin bai tsaya wuri ɗaya ba. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ya bunƙasa har ya haɗe da Gwadangaji, inda ake da sakatariyar gwamnati da gidajen ma'aikata. Irin waɗannan gine-gine sai da taswira, wadda magina ke kira fulan. A nan ne aikin ya rabu biyu: mai zane yana ofis, birkila da kafinta suna fili. Ilimin da a da yake cikin kan mutum ɗaya ya koma abin karantawa a makarantu, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, kuma a yau da kwamfuta ake yin yawancin zanen.

Ba daidai ba ne a ɗora wa jama'a laifin son kwalliya don sun koma ga bulo da kwano. Ginin ƙasa yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, giginya ta yi ƙaranci, sannan ambaliya irin ta 2020 ta rusa gidajen ƙasa da dama a garuruwan da ke bakin fadamar Rima. Sai dai sabon ginin ya zo da tasa matsalar. Ɗakin bulo mai rufin kwano yakan yi zafi ƙwarai a watannin Maris da Afrilu, alhali shigifa mai kaurin bango tana jinkirta shigar zafin rana. Har wa yau, fulan da aka kwaso daga wani gari ba lallai ne ya tanadi zaure ba, wanda shi ne ke raba baƙo da cikin gida. Shi ya sa akan ga maigida ya ƙara wani ɗaki a bakin ƙofa bayan an gama gini, wato ya gyara wa takarda kuskurenta ke nan.

Ita ma takardar tana da nata amfanin da hannu ba shi da shi. Misalin da ya fi fitowa fili yana Zariya ne, inda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu. Z. R. Dmochowski ya auna masallacin ya zana shi kafin a yi masa gyaran da ya sauya kamanninsa, kuma an gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Irin wannan awo da zane shi ne ake bukata ga tsofaffin shigifu da rufewoyin da suka rage a Gwadangaji da Argungu, tun da sauran maginan da za su iya nuna wa ɗalibi inda aka dasa azarar farko da dalilin dasa ta a wurin.