Haɗa SSD Biyu a Tsohuwar Kwamfuta: Me Ya Sa Gudun Ba Ya Ɗorewa?

Yawancin kwamfutocin da ake haɗa bidiyon biki da na walimar sauka da su a Dudunni, Kusada da cikin garin Kankia na hannu ne, 'yan Beljiyam da ake sarowa daga Titin Beirut a Kano ko Computer Village ta Ikeja. Irin su HP 8200 da 8300, ƙirar 2011 da 2012. Idan aiki ya yi musu nauyi, shawarar da wasu masu gyara kan bayar ita ce a sayi ƙananan ma'ajiyoyin SSD biyu a haɗe su su zama ɗaya. Wannan haɗin shi ake kira RAID 0. Kowane fayil ana yanka shi gunduwa-gunduwa, wannan ta tafi SSD na farko, mai bi mata ta tafi na biyu, su biyun suna aiki lokaci guda.

Shawarar tana da hujja. Tsohuwar kafar SATA II ba ta wuce megabayit 300 a daƙiƙa, SATA III kuwa takan kai wajen 550. Mai tsohon madabod idan ya haɗa biyu zai ga gudu ya kusan ninkawa, ya yi ta murna. Bayan 'yan watanni ana loda bidiyo ana gogewa, sai kwamfutar ta fara jan ƙafa wajen ajiye aiki. A ɗora wa bairos laifi, a sake zuba Windows, abin na nan.

Matsalar tana cikin yadda SSD ke rubutu. Ma'ajiyarsa a rarrabe take zuwa ƙananan shafuka, kowanne kilobayit 4 zuwa 16, shafuka ɗari da wani abu ko fiye kuma su haɗu su zama bulo ɗaya. Yana iya rubutu shafi-shafi, amma ba ya iya gogewa sai bulo sukutum. Kamar allon almajiri ne: ba a kankare layi ɗaya a sake rubuta wani a gurbinsa, sai dai a wanke fuskar allon duka. Saboda haka kafin ya wanke bulo, dole ya kwashe duk shafukan da ke da amfani ya kai su wani wuri. To ga inda gizo ke saƙar. Idan ka goge fayil, Windows ce kawai ta san ka goge. Shi SSD bai sani ba, yana nan yana ta dakon tarkacen da ka riga ka zubar, yana kwashewa yana mayarwa. Wannan aikin banza shi ke cin gudu, kuma yana rage wa SSD kwana, domin kowane bulo yana da iyakar yawan wankin da zai ɗauka.

Maganin da aka fito da shi wani umarni ne mai suna TRIM, wanda Windows 7 ta zo da shi a 2009. Da zarar ka goge fayil, sai Windows ta aika wa SSD saƙo cewa shafuka kaza sun tashi daga aiki. Idan SSD ɗaya ne, saƙon yana isa lafiya. Amma a RAID 0 akwai ɗan tsakiya, wato direban da ke raba gunduwoyin, kuma shekaru da dama wannan direban bai san yadda zai raba saƙon gida biyu ba, sai ya watsar da shi a hanya. Sai a 2012 kamfanin Intel ya gyara wannan da direbansa na RST 11, amma ya taƙaita gyaran ga madabod masu cifset jerin 7, irin su Z77. Jerin 6, wato su P67, Z68 da Q67 da ke cikin HP 8200, aka bar su a baya. H61 kuwa, wanda ya cika kwamfutoci masu araha, ba shi ma da RAID tun asali.

A ƙarshen shekarar ne wasu gwanaye suka nuna cewa ba gazawar ƙarfe ba ce. Suka zare ɗan ɓangaren RAID da ke cikin BIOS na madabod jerin 6, suka cusa sabo da suka yi wa kwaskwarima, TRIM ya kama aiki. Dabara ce mai burgewa, amma ni ba zan ba kowa shawarar gwada ta a nan ba. Rubuta BIOS na 'yan mintoci ne, sai dai idan wuta ta ɗauke ko janareta ya yi tari a tsakiyar aikin, madabod na iya mutuwa murus. Kuma kwamfutocin ofis irin na HP da Dell ba sa karɓar BIOS da aka taɓa cikin sauƙi.

Wani abin da ke ruɗin masu gyara: sukan buɗe baƙin allon umarni su rubuta fsutil behavior query DisableDeleteNotify, idan ya nuna 0 su ce shi ke nan. Sifilin nan yana nufin Windows tana aika saƙon ne kawai, ba shaida ba ce cewa ya isa. Akwai ƙaramar manhaja mai suna trimcheck da ke rubuta fayil ta goge, sannan ta leƙa ta ga ko an share gurbin da gaske. Ita ce alƙali.

Wanda ya riga ya haɗa kuma ba ya son rabawa, hanya mafi sauƙi ita ce ya bar wa SSD filin numfashi. Ya kwashe kayansa, ya yi wa kowane SSD gogewar tushe da manhajar kamfanin da ya ƙera shi, sannan wajen yanka fatishan ya bar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ba tare da ya taɓa ba. Gogewar tushen nan wajibi ce. Idan an taɓa rubutu a filin, SSD zai ci gaba da ɗaukarsa a matsayin cike. Kada kuma a yi wa SSD difrag, aikin tsohon faifai mai juyawa ne. Masu Linux sun huta: tun kenel 3.7 na ƙarshen 2012 haɗin RAID 0 na cikin manhaja yana isar da TRIM ko da wane irin madabod ne, umarnin fstrim sau ɗaya a mako ya wadatar.

Sai babbar magana. RAID 0 ba shi da madogara ko kaɗan. SSD ɗaya ya mutu, komai ya tafi, domin rabin kowane fayil yana cikinsa. Ka ƙiyasta ranar da uwar amarya za ta turo a karɓi bidiyon ɗaurin aure, kai kuma ba ka da ko hoto ɗaya. Ga shi kuma gudun da ake kwaɗayi a kwafar manyan fayiloli kaɗai yake fitowa. Wajen tayar da Windows ko buɗe CorelDRAW da kyar za ka ga bambanci.

Don haka mai shago, idan madabod ɗinka bai kai jerin 7 ba, ka sayi SSD ɗaya babba, ka sa shi a kafar SATA III idan akwai, ka saita BIOS a kan AHCI. Kuɗin na biyun ka sayi faifan waje da za ka riƙa ajiye kwafin aikin mutane, in da saura ka ƙara da UPS.